Kwanar Ƙarshe ta Izzat

Izzat ya sha kwanar ƙarshe. Yau ko ya ci, ko kamfanin da ya ɗauke shi tseren manyan motoci ya ba wani kujerarsa.

Shekara goma sha ɗaya yana tsere da wata 'yar mitsitsiyar motar tsere ta yara, marar ƙofa, marar giyar baya. Kofuna sun cika falon uwarsa a garin Sepang, har ɗaya ta mayar da shi mazubin albasa.

Sai ga shi ya zarce layin tsayawa da taku biyu. Bai yi wata-wata ba, ya yi abin da ya saba tun yana ɗan shekara bakwai: ya dire, ya kafa kafaɗa a hancin motar, ya hau tura ta baya.

Encik Zamri, dattijon da ke kujerar gefe, ya sauke gilashi ya leƙo.

"Ɗana, wai kai ne zakaran ƙasa?"

"Ni ne, Kawu!"

"Madalla. Ga giyar baya nan tana kallonka. Ka faɗi jarrabawar lasin tuƙi. Kira mamarka ta mayar da kai gida."