Kunyar Ɗan Fari

"Tun yaushe idanunsa ke kallon ƙasa?" likitan ya tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. A rugarsu ta bayan Tozai, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ƙura masa ido gaban mutane. Da idanun jaririn suka fara nutsewa ƙasa, tsofaffi yabo suka yi: "Bafulatanin asali! Tun yana tsumma ya san kunya." Da kansa ya fi ƙarfin wuyansa, suka ce kan manya ne. Ita kuwa tana kallonsa a sace lokacin shayarwa, magana ta zo mata baki ta haɗiye. Wace marar kunya ce za ta yi zancen ɗan fari gaban surukai?

Sai da wata mai sayen nono a kasuwar Illela ta leƙa goyon, ta dafe ƙirji. "Ke ɗiyata, mi kike jira? Ruwa na cikin kan yaron ga! Tahi Sakkwato!"

Likita ya zura siririn bututu mai fitila ta 'yar kafa a ƙoƙon kan, ya buɗa wa ruwan hanya. Aiki ya yi kyau, in ji shi, sai dai ruwan ya daɗe yana danne jijiyar gani.

Da yaron ya farfaɗo, ta kira sunansa da ƙarfi, a gaban surukarta, a gaban kowa. Ya juyo. Idanun sun ɗago, ga su tar a kan fuskarta.

Ta kai yatsa dab da su. Bai ƙifta ba.