Huji Tara a Zane

Huji na tara ke nan ta gani a zanenta, zagayayye kamar kwabo, yankan almakashi. Ko a unguwar Bronx ta New York ne, ba a yankar tufar mutum don alheri.

Su biyu ne a gidan, ita da mijinta direban tasi, wanda duk Asabar yake ficewa bayan gari, ya dawo yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta bincike jakarsa, sai ga gwangwani cike da ƙyallayen zanenta shafe da mai, da ƙwallayen dalma.

Yana shigowa ta dire masa gwangwanin.

"Maigida, wane bokan ne ya ba ka wannan aikin?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce filin harbi yake zuwa, inda ake harba bindiga irin ta dā, mai ɗuri ta baki. A zuba albarushi, a shimfiɗa ƙyalle a bakinta, a ɗora dalma, a danna da sanda. Ƙyallen ne ke riƙe dalmar ta tafi saiti.

"Duk tsumman New York, sai zanena?"

"Babana maharbi ne. Da zanen innata yake naɗe dalmarsa, wai mai yin haka gida yake dawowa. Bayan rasuwarta ya yi ta lallaɓa zanenta na ƙarshe. Makon da zanen ya ƙare, bai dawo daga daji ba."

Ta daɗe tana kallon hujin. Sannan ta tura masa zanen da almakashi.

"Daga gefe za ka riƙa yanka. Ya fi daɗewa."