Fitilun Kumbon Jibo

Da harshe Jibo ke gwada batir. In batirin ya ɗan cije shi, da sauran rai. In ya ji lami, sai bayan ɗaki.

Duk Tsiga ba wanda bai san shi ba, mai gyaran rediyon nan da ya bar makaranta a aji biyu, wai don malamai sun ƙare abin koya masa. Shi ne ya taɓa ɓoye rediyo a rumbun Mati, bawan Allah ya wuni yana ba aljanu haƙuri. Kumbon kuwa wani Bature na kamfanin gurzar auduga a Funtua ya bar masa: gutsattsarin roba cikin kwali, siffar jirgin nan da aka ce ya je wata. Jibo ya haɗa shi tsaf ya rataye a shago.

Bayan feshin audugar bana ya rufe shagon, ya sa aka kawo masa kumbon gida.

A lokacin ne shi da mahaifiyarsa, Tsohuwa, suka je asibitin ido. Likita ya haska tocila, ya daɗe yana haskawa, sannan ya ce idon da ke bambance haske da duhu shi ake yi wa aiki, wannan kam sai haƙuri. Suka sauko daga mota tana riƙe da hannunsa. Sai a ƙofar gida Jibo ya yi tsaki.

"Ƙwai ɗaya tal a tocilarsa, Tsohuwa. Bari in tara haske na gaske, mu ga idon da zai ƙi gani. Da ya gani, sai mu koma."

Ya huda tagogin kumbon da ƙusa mai zafi. Ya cusa ƙwayayen tocila, ya liƙe da ƙaro, ya fere wayar tsohuwar rediyo da haƙori, yana murɗawa da yatsu. Masu zuwa gaisuwa kuwa ya cika su da baki: irin wannan aiki ko ido rufe zai yi shi, Turawan ma a wurinsa za su koya.

Ran Laraba da azahar ya rufe ƙofa, ya toshe taga da bargo, ya haɗa waya.

"Tsohuwa, ya kama?"

"Ya kama."

Haka ta ce jiya, haka shekaranjiya. Ya san halinta sarai: don kada ransa ya ɓaci, za ta rantse ta ga wata da rana tsaka. To, wanda ya sa Mati hira da rumbu ba za a yi masa wannan ba. Ya zare wayar a ɓoye da ɗan yatsa.

"Yanzu fa? Kin ga yadda ya ƙara haske?"

"Ya mutu, ja'iri. Ni za ka yi wa wayo?"

Ya mai da wayar.

"Ga shi ya dawo," in ji ta a hankali. "Tagogin duk sun kama. Na wutsiyar nan ne kawai ke ƙyaftawa."

Na wutsiyar, shi ya bar shi sako-sako da gangan, bai gaya wa kowa ba. Ashe ba ƙarya take yi ba. Ashe tun shekaranjiya ba ta yi ƙarya ba, batir bai gaza ba, ƙwayayen ba su ƙone ba.

Tsohuwa ta sa bakin zane ta toshe kukanta.

Jibo ya lalubo kumbon, ya ɗaga shi ya manna a fuskarsa, har zafin fitilun ya fara gasa masa fatar ido, amma duhun da maganin feshi ya zuba masa ko motsi bai yi ba.