Murfin Kwalbar Zaitun

Murfin kwalbar zaitun ya ƙi murɗuwa a hannunta, ga mijin uwarta zaune bakin ledar cin abinci.

Tunda likita a Tehran ya ɗora ta kan maganin da ke mayar da jikinta na mace, ƙarfin damtsenta yake ta zurarewa. Da damtsen nan ta taɓa maka mijin uwar tata da bango, lokacin ana kiranta da sunan namiji, ranar da ya fasa wa uwarta baki. Bai sake ba.

"Kawo nan, 'yan mata," ya ce, maiƙon rago na ƙyalli a gemunsa.

Murɗa ɗaya ya buɗe. Ya tsoma yatsu ciki, ya tsotse su yana murmushi.

Ba ita yake kallo ba. Uwarta yake kallo.