Dutsen da Baba ya Kwantar

Ranar Talata, 14 ga Agusta, 1984, gari ya waye da yayyafi, gajimare ya sauko har ya rufe kan tsauni. A wannan safiyar wani ma'aikacin reluwe da ya yi ritaya ya dawo ƙauyensu da ke gangaren tsaunin, da niyyar ƙarasa sauran kwanakinsa a gidan mahaifinsa. Abin da ya fara nema shi ne wani baƙin dutse dogo da ke ƙofar gida, irin wanda aman wuta ya bari tun kafin mutum ya taka wurin, jikinsa duk ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Marigayi mahaifinsu ne ya kwantar da shi, bakinsa yana nuna alƙibla. A bayan dutsen nan ya koyi tsayuwar sahu, ƙafarsa na shafar ta tsohon, ƙamshin hayaƙin kunun safe yana fitowa ta zaure.

Dutsen yana nan. Amma kusa da shi ƙanensa ya gina ɗan masallaci, ya daidaita shi da kamfas, na'urar nan mai allura da ke nuna arewa, fuskarsa ta ɗan karkata hagu da ta dutsen. Da aka idar da azahar, ya tare ƙanen a gaban jama'a.

"Kai ne yau za ka gyara wa Baba sallarsa?"

"Yaya, ban ce Baba ya yi kuskure ba. Abin da allurar ta nuna ke nan."

"Allurar da ka saya jiya a kasuwa? Ita ta goya ka, ko shi?"

Mutane suka yi dariya, ƙanen bai yi ba. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya koma birni, ko sallama babu. Shi kuwa yayan ya ci gaba da shimfiɗa buzunsa a bayan dutse, shi kaɗai, yana jin kabbarar liman ta tagar masallaci. A ransa, barin dutsen daidai yake da cewa mahaifinsa ya yi ta salla a karkace har ya koma ga Allah.

Rani ya wuce. Wata asubar farkon damina ya tuna yadda tsohon yakan riƙe kafaɗarsa ya ce ya duba, a lokacin shuka rana daga bakin dutsen nan take ɓullowa. Sai ya zauna jira, don ya samu hujjar da zai tura wa ƙanensa. Rana ta fito, amma ba daga bakin dutsen ba. Ta fito can hagu, saitin fuskar masallaci.

Daga nan ya miƙe ya zaga gangaren, yana kallon abubuwan da kullum yake wucewa. Ɗorawar da suka hau suna yara gindinta ya lanƙwashe kamar gwiwa. Katangar tsohon rumbu ta tsage daga ƙasa zuwa sama. Duwatsun iyakar gona, da ya san su a miƙe, sun zama baka. Ashe kowace damina gangaren yakan jiƙe ya ɗan zame, ya juya da duk abin da ke kansa, a hankali yadda ido ba zai kama ba. Tsohon ya kwantar da dutsensa daidai. Ƙasar da ke ɗauke da shi ce ta juya.

Masu nazarin duwatsu suna ganin irin wannan a manyan tsaunukan da ƙasa ta nannaɗe kamar tabarma. Idan narkakken dutse ya fito daga cikin ƙasa yana hucewa, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa sukan fuskanci arewa, su daskare a haka. Bayan miliyoyin shekaru sai a tarar suna nuna wani gefe dabam. Dutsen bai yi ƙarya ba, arewar zamaninsa yake riƙe da ita, tsaunin ne gaba ɗaya ya juya da shi.

Ranar da ya gane haka, mutumin ya shiga sahun la'asar a masallaci. Dutsen kuwa bai bari kowa ya taɓa shi ba, can yake zama da yamma yana jan carbi. Ya rubuta wa ƙanensa 'yar takarda, ya ce ya dawo gida, shi ya yi laifi. Ta daɗe a aljihunsa har gefenta ya fara cinyewa, don neman afuwa wurin ƙane yana da nauyi. Sai wata ranar kasuwa ya sauka gari, ya manna mata kan sarki, ya jefa ta akwatin gidan waya.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.