Bikin da Babu Amshi

Tun da aka ƙirƙiro ɗan kunnen da ke rera wa kowa waƙarsa shi kaɗai, aka daina neman Balaraba, wadda a da amaren Kano da baitocinta suke rawa. A bikin 'yar ƙaninta ta tarar ana ta rawa, amma ban da ƙarar takalma ba ka jin komai.

Amarya ta rungume ta. "Gwaggo, waƙata har kuka ta sa ni."

"Rera mini ko baiti ɗaya, 'yata."

Amarya ta buɗe baki, ta rufe. "Ban san yadda ake yi ba."

Balaraba ta fara koya mata a hankali. Kafin ta kai amshi, an ja amarya wurin hoto. Ita kaɗai ta ƙarasa baitin.