Muryar Sunday

An buɗe kwas ɗin binciken wayoyi da kwamfuta a Kontagora ne domin a murƙushe manyan masu laifi. Rabin waɗanda suka yi rajista wayar mazajensu suke so su iya buɗewa, sauran rabin kuma ta matansu.

Don haka babu wanda ya yi mamaki da Madam Patience, tsohuwar shugabar firamare daga Dukku, ta ce ita saƙon murya ɗaya take nema, na wani Sunday, da aka goge daga wayarta. Nan take ajin ya yanke hukunci: Sunday ya faɗi magana ne, yanzu yana musu.

"Mama, in kin kama shi ki gayyace mu kotu," in ji wani ɗan sanda daga bayanta. Ta gyara tabarau, ba ta waiwaya ba.

Ba ta taɓa fashin zuwa aji ba, ko ranar da ruwa ya cinye hanyar Rijau. Wayar kuwa a kashe take, naɗe cikin hankici, tun ranar da mai koyarwa, Malam Mika'ilu, ya ce abin da aka goge bai je ko'ina ba, yana nan kwance, sai fa in an ɗora wani sabo a kansa. Ta roƙe shi ya maimaita rabin farko.

Ranar jarrabawa kowa ya kawo wayar da zai yi aiki a kanta. Madam Patience ta kwafe komai yadda aka koya, ta bi ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin hotuna suka dawo, har da waƙoƙin zumuntar mata da ta manta da su. Muryar ba ta dawo ba.

"Mama, aikinki babu kuskure," in ji Malam. "Wani bidiyo ne mai nauyi ya hau kan wurin. Ana gogewa aka ɗauke shi, kamar mai yin ya san aikin. Wa kike zargi?"

"Ba na zargin kowa, Malam."

Ya ba ta makin da ya fi na kowa. Aka tafa mata.

Can baya, a bakin kabari ne wayar ta cika, fasto ya riga ya fara addu'a, 'yan uwa na Legas suna jiran bidiyo. Da hannunta ta goge saƙon muryar don a samu wuri. Bidiyon jana'izar ɗanta Sunday ya fito tas, har kukan tsuntsaye ana ji.